Baƙin Azurfa Iri Biyu Ne: A Duba Kafin A Goge

In biki ya gabato, ko Kirsimeti, ko ranar babban taron Zumuntar Mata, uwargida takan jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta kwance ƙullin da ta ajiye kayan adonta. Sau da yawa sai ta tarar munduwar da ta ajiye fara sol ta yi duhu, zobe ya dishe, sarƙa kuma kamar an rataye ta a bakin murhu. Nan da nan sai a aiki yarinya ta ɗebo toka, ko yashi, ko lemun tsami, a zauna a yi ta dirza har hannu ya gaji. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuwa garin neman gira a rasa ido, gama akwai azurfar da baƙin nan shi ne adonta. Maƙeri ne ya sa mata shi da gangan, an kuma biya shi ladan aikinsa.

Abin da muke so mu tattauna da masu karatu a wannan wata ke nan. Baƙin azurfa iri biyu ne. Akwai wanda maƙeri ya sa, akwai wanda ajiya ta kawo. Na farko tsare shi ake yi, na biyu kuwa cire shi ake yi, amma a hankali. Wadda ta iya bambanta su, kayanta za su kai ga jikokinta da kyaunsu. Za ta kuma huta da zargin mutane a kan abin da ba laifin kowa ba ne.

Me ke sa azurfa ta yi baƙi?

Baƙin ƙarfe yakan yi tsatsa in ruwa da iska suka same shi, tsatsar kuma ta yi ta cinsa har ya huje. Azurfa ba haka take ba. Abokiyar gābarta ita ce farar wuta, wannan ƙullun mai launin rawaya da ake sayarwa wurin masu kayan ƙoli, ake kuma sa shi a maganin ƙuraje. Akwai ɗan ɓurɓushinta a cikin iskar da muke shaƙa, musamman iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga salga da kwata da juji. Sa'ad da wannan iska ta taɓa azurfa, sai su haɗu su yi wata 'yar fata siririya a bisa ƙarfen, wadda masana ke kira silba salfayid. Da fari takan yi rawaya-rawaya, daga nan ta koma ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗan shuɗi, a ƙarshe ta zama baƙa.

Wannan fata a sama kawai take, ba ta kai kaurin gashi ba. A ƙarƙashinta azurfar tana nan fara yadda aka ƙera ta. Laima da zafi suna gaggauta aikin, shi ya sa kayan da aka ajiye da damina sukan fi saurin yin duhu.

A kasuwa za ku ji 'yan tireda suna kiran baƙar azurfa da sunan Turanci, wai oksidaiz, watau wadda iskar oksijin ta taɓa. Sunan ya bi baki ne kawai. Aikin na farar wuta ne.

A lura kuma, azurfa tsantsa tana da taushi ƙwarai, in aka yi zobe da ita ba zai daɗe ba zai lanƙwashe. Domin haka akan gauraya ta da jan ƙarfe. Lambar nan 925 da ake bugawa a cikin zobe ko a maƙullin sarƙa, ma'anarta kashi 925 cikin 1,000 azurfa ne, sauran 75 galibi jan ƙarfe ne. Jan ƙarfen ma yana taimakon duhun, shi ne kuma yakan bar ɗan kore a yatsa in an yi gumi.

Baƙin da maƙeri ya sa

Hausawa sun raba ƙira biyu. Maƙeran baƙi su ne masu fartanya da gatari da lauje. Maƙeran fari su ne masu azurfa da tagulla. Wanda ya taɓa zama a maƙerar fari ya san yawan wahalar da ake sha kafin munduwa ɗaya ta fito. Azurfa tsantsa ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 962 a ma'aunin Salsiyos. Maƙeran Abzinawa na Agadas, masu yin abin wuyan nan da Turawa suka sa wa suna gicciyen Agadas, sukan fara siffanta abin da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya zube, sa'an nan su zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. In ta huce a fasa yumɓun, a gyara da magagari, a zauna a zana layi-layi da ɗigo-ɗigo da hannu.

To, zane a kan farin ƙarfe mai ƙyalli ba ya fitowa sosai, gama ido ba ya raba tudu da kwari. Shi ya sa maƙera a ƙasashe da yawa suka koyi baƙanta azurfa. Sananniyar hanya ita ce a jiƙa wani haɗi na farar wuta da gishirin toka a ruwa mai ɗumi, a tsoma kayan a ciki. Abin da iska za ta yi cikin watanni, wannan ruwa zai yi shi cikin 'yan mintoci. Bayan haka sai maƙeri ya goge wuraren da suka yi tudu su koma fari, ya bar baƙin a cikin ramukan zanen. Nan take fure ya fito fure, igiyar murɗi ta fito, harafin da aka rubuta cikin zoben aure ya karantu. Wasu sukan shafa ɗan kaki a kai domin baƙin ya daɗe. Akwai kuma kayan da ake bari baƙi gaba ɗaya, irin da samari da 'yan mata ke so yanzu.

Watau baƙin maƙeri da baƙin ajiya abu ɗaya ne a wurin masana. Bambancin shi ne, ɗaya an sa shi inda ake so, ɗayan kuwa ya sauka inda ya ga dama. Wannan yana nufin duk abin da zai cire baƙin ajiya, zai cire na maƙeri ma. Toka ba ta san bambanci ba. Mai riƙe da tokar ce za ta sani.

Yadda za a gane wanne ne

A ɗauki kayan a fita da su haske, a duba da kyau kafin a taɓa ruwa.

In baƙin yana kwance cikin zane da lunguna, wuraren da ke tudu kuma suna da haske, tsari ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, to aikin hannu ne, ko kuwa shekaru ne suka yi wa kayan irin wannan ado. Ko wanne ne, a bar shi.

In kuwa duhun dabbare-dabbare ne, nan rawaya, can ruwan ƙasa, ya hau har kan wuraren da babu zane, ko ya bi sawun yatsa, ko ya bi layin da roba ta ɗaure, to wannan na ajiya ne.

Sau da yawa akan tarar da duka biyu a kan abu ɗaya. Maganin wannan shi ne tsumma, ba tsomawa ba, kamar yadda za mu bayyana a gaba. In 'yan kunne ne ko mundaye biyu, a gwada ɗaya da ɗaya. In kuma kayan gado ne, a tambayi tsofaffin gida yadda suka san shi tun da. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Azurfar iyayenmu

Mai yiwuwa wata ta ce, duk wannan wahala a kan tsohuwar munduwa? Bari mu ɗan duba asalinta. Yawancin azurfar da kakanninmu suka sa, da kuɗi aka ƙera ta. Babba a cikinsu shi ne liyari, mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Fatake ne suka riƙa ketaro Sahara da shi. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza ɗaya a kan wuri 2,500. Nauyin liyari wajen giram 28 ne, kashi 833 cikin 1,000 na jikinsa kuma azurfa ne. Kiristocin Habasha ma da shi suka ƙera da yawa daga cikin gicciyen da suke ratayawa a wuya. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsa har zamaninmu. Saboda haka kada wani ya yi muku tsada wai don ya ga 1780 a kan liyari. Lambar ba shaidar tsufa ba ce.

Bayan liyari sai kuɗin Turawan mulki na Afirka ta Yamma. Taro da sisi da sule da fataka da aka buga daga 1913 zuwa wajen 1920 na azurfa ne, maƙera kuma sun narka da yawa. Daga baya aka koma buga su da wani ƙarfe mai launin rawaya. Sulen Nijeriya na 1959 kuwa fari ne, amma babu azurfa a cikinsa, haɗin jan ƙarfe ne da nikel.

Ashe ke nan munduwar da ke cikin akwati tanadin wata baiwar Allah ce, kuɗin auduga, ko na gyaɗa, ko na saƙa, da ta ƙi ci ta mayar ado domin ranar wahala. Duk dirzawa da yashi tana ɗebe ɗan ƙarfe kaɗan. Sau ɗaya ba a gani, amma bayan shekara ashirin sai a nemi zanen a rasa. Masu sayen tsofaffin kayan ado ma sun fi daraja wanda aka bari da kamanninsa fiye da wanda aka kankare.

Abubuwan da za a guje wa

Na farko, toka da yashi da soson ƙarfe da hodar wanke tukunya. Azurfa ta fi yashi taushi nesa ba kusa ba. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, azurfa ba ta wuce 3 ba, ƙwayar yashi kuwa 7 ce. Ko ƙurar hunturu ma tana ƙarce ta in aka goge da ƙarfi, don haka a fara hure ƙurar ko a ɗauraye ta.

Na biyu, man goge baki. Mutane da yawa suna yabonsa domin yana sa ƙyalli nan take, amma akwai gari mai kaushi a cikinsa. Yana cin baƙin maƙeri, yana kuma barin ƙananan ƙarce.

Na uku, ruwan bilic na wankin fararen kaya. Wannan mugu ne ga azurfa. Yana ɓata fuskarta, ya bar tabo mai wuyar fita. A tuɓe zobe kafin a sa hannu a ciki.

Na huɗu, lemun tsami da ruwan tsamiya, musamman in akwai murjani ko lu'ulu'u a jikin kayan. Tsami yana cin waɗannan, in kuwa sun dishe ba su komowa.

Na biyar, ruwan wanke azurfa na kwalba, wanda ake tsoma kaya a ciki. An yi shi ne domin ya cire baƙi duka, ba ya barin ko na cikin zane. Guba ne kuma, kada a ajiye shi inda yara za su kai hannu.

Na shida, dafawa a tukunyar alminiyam da ruwan kanwa ko bekin soda. Wannan dabara tana aiki ƙwarai. In azurfa ta taɓa alminiyam cikin irin wannan ruwa mai zafi, farar wutar takan rabu da azurfar, har a ji ɗan warin ƙwai yana tashi. Ga sarƙa marar zane, marar dutse, wadda ajiya ce kawai ta baƙanta, hanya ce mai kyau: babban cokali ɗaya na bekin soda ga kowane kofin ruwan zafi, cikin tsohuwar tukunya, minti kaɗan, a ɗauraye, a shanya. Amma ga kayan da maƙeri ya baƙanta, minti biyu sun isa su share aikinsa duka, kayan su fito fari fat kamar ba a taɓa yi musu zane ba.

Wanki na gari

Kayan aikin duka suna cikin gida: ruwa mai ɗumi, ɗigon sabulu marar kaushi, da tsohon tsumman auduga mai taushi, irin na tsohuwar singileti.

A tsoma kayan cikin ruwan sabulun na ɗan lokaci kaɗan, a shafa da yatsa domin gumi da mai su fita. In datti ya cushe a lungu, a taɓa shi a hankali da burushin haƙori na jarirai, kada a dirza. A ɗauraye da ruwa mai tsabta, a tsane da tsumma har ya bushe sarai, gama ruwan da ya maƙale a lungu shi ne mafarin sabon tabo.

Bayan ya bushe, a naɗe busasshen tsumma a yatsa, a goge wuraren da ke tudu kaɗai. Tsumman da aka shimfiɗa a kan yatsa ba ya shiga rami, saboda haka baƙin zanen yana nan, tudun kuma ya yi haske. Akwai tsumman goge azurfa na musamman da masu sayar da gwal ke sayarwa. Yana da kyau, amma yana da magani a jikinsa, don haka a yi amfani da shi a kan tudu kawai. Kayan da aka baƙanta gaba ɗaya kuwa, kada wannan tsumma ya taɓa su. Ruwan sabulu da tsanewa sun ishe su.

In kayan suna da fata, ko itace, ko zare, ko dutsen da aka manna da danƙo, kada a tsoma su. A goge da tsumma mai ɗan laima kawai.

Sawa da ajiya

Ado shi ne na ƙarshen sawa, shi ne kuma na farkon tuɓewa. A gama shafa mai da hoda da turare, su bushe, kafin a ɗaura sarƙa. A tuɓe zobe da awarwaro kafin wanka, da wanki, da wanke-wanke, da yanka albasa ko tafarnuwa, da ɓare dafaffen ƙwai, gama waɗannan abinci suna da farar wuta a cikinsu. Haka kuma in ana shafa man ƙuraje ko sabulun da ke da farar wuta, ko ana gyaran gashi da magani. Da dare in an tuɓe, a share gumin da tsumma kafin a ajiye.

Wurin ajiya ya zama busasshe, nesa da madafa, da banɗaki, da hayaƙin janareta. A naɗe kowane abu dabam cikin tsumman auduga domin kada su ƙarci juna, a sa a ƙaramar leda mai zif, a matse iskar, a rufe. A jefa guntun alli a cikin akwatin, ko 'yar jakar nan mai ƙwayoyi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, domin ta tsotse laima. Ita ma a ɓoye ta daga yara.

Abu uku kada su taɓa azurfa a wurin ajiya: robar ɗaure kuɗi, da ulu, da tsohuwar jarida. Robar ta fi muni, gama da farar wuta ake sarrafa ta, takan bar baƙin layi daidai inda ta kwanta. Sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, a buɗe a duba. Rigakafi ya fi magani.

In baƙin ya goge fa?

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Baƙin maƙeri ba na har abada ba ne. Tun da a sama yake, gogayya da fata da tufafi tana rage shi. Zobe da awarwaro sun fi saurin yin haske, 'yan kunne da abin wuya sun fi daɗewa. Wannan ba alamar an cuce ku ba ce. Haka ƙarfen yake.

In ana son baƙin ya komo, mafi kyau a kai wa maƙerin fari, aiki ne na ɗan lokaci a wurinsa. A gaya masa sarai abin da ake so, domin kada ya ɗauka wankewa aka zo yi, ya mayar da kayan fari. In kayan masu nauyi ne, a auna su a gaban juna kafin a bari, a kuma auna ranar karɓa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wadda ke nesa da maƙeri tana iya gwada ƙwai. A wanke kayan su rabu da mai, a dafa ƙwai ya dahu sosai, a farfasa shi tun da zafinsa, a sa a gefe guda na kwano mai murfi, a sa azurfar a ɗaya gefen ba tare da sun taɓa juna ba, a rufe ruf. Bayan sa'o'i, ko kwana ɗaya, za a ga ta yi duhu, ko da yake bai kai na maƙeri ba. A wanke, a goge tudun da tsumma, a zubar da ƙwan. Amma kada kowa ya ƙona farar wuta a ɗaki wai don ya turara azurfa. Hayaƙinta yana cutar da huhu, balle ga yara da masu asma.

Araha ba ta ado

Kasuwa cike take da baƙaƙen sarƙoƙi da 'yan kunne masu araha, da yawa daga Indiya, ana tallarsu har a WhatsApp da Facebook da sunan azurfa. Yawancin masu arahar nan ba azurfa ba ne. Wasu tagulla ce aka shafa wa launi, wasu kuma haɗin nan ne da ake kira azurfar Jamus, wanda jan ƙarfe ne da nikel da zinki, babu ko ƙwayar azurfa a ciki. Ba laifi ba ne a saya a yi kwalliya, muddin an san abin da aka saya, an kuma biya kuɗin da ya dace da shi. Sai dai nikel yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, musamman a hujin kunne. In haka ta faru, a cire nan da nan.

Kafin a biya kuɗin azurfa, a nemi lamba: 925, ko 800, ko 999. In an ga haruffan EPNS, wannan shafe ne kawai a kan wani ƙarfe, kuma dirzawa tana saurin tone shi. A duba gefen da ya goge, in ja ko rawaya na leƙowa, shafe ne. A kanga mayen ƙarfe, in ya kama, ba azurfa ba ce. In bai kama ba kuwa, ba a gama ba tukuna, gama tagulla ma ba ta kamuwa. Lambar ma ana iya buga ta ta ƙarya, kayan maƙeranmu na da kuwa yawanci ba su da lamba ko kaɗan, alhali na gaske ne. Domin haka in kuɗin da yawa, kamar zoben aure ko kayan lefe, a tafi da wanda ya san ƙarfe, ko a kai wa amintaccen maƙeri ya gwada.

Kada azurfa ta raba zumunci

Ga inda maganar ta fi nauyi. An sha yin ɓacin rai a gidaje saboda azurfa ta yi baƙi. Amarya ta ga zobenta ya yi duhu bayan wata biyu, ta ce dangin miji sun kawo mata jabu. Uwargida ta ba maƙwabciya aron sarƙa, ta komo da wani launi, ta ce an musanya mata. Wani lokaci 'yar riƙo ko yarinyar aiki ce ke shan duka. Alhali kuwa yin baƙin hali ne na azurfar gaske. Doka ta tara ta hana mu shaidar zur a kan maƙwabci, zargin da babu bincike kuwa ɗan'uwanta ne.

Akwai kuma masu cewa in zobe ya yi baƙi a hannu, wai an yi wa mai shi sammu, ko wata muguwar cuta na tafe. Daga nan sai tsoro ya shiga, har wasu su fara neman taimako inda bai kamata mai bi ya je ba. 'Yan'uwa, gumin mutane ba ɗaya ba ne, sabulu da man shafawa ma haka. Zobe ɗaya zai yi baƙi a hannun wannan cikin mako, ya yi wata uku a hannun waccan bai sāke ba. Mai shakka ya sa cokalin azurfa cikin dafaffen ƙwai ya gani, zai yi duhu, ƙwan kuwa lafiyarsa lau. Wanda jikinsa ba ya masa daɗi ya tafi asibiti. Zobe ba likita ba ne, ba kuwa annabi ba.

Mu tuna da macen nan ta cikin misalin Ubangijinmu a Luka sura 15, wadda ɗaya daga cikin kuɗin azurfarta goma ya ɓace. Fitila ta kunna, ta share ɗakinta, ta bincika. Ba ta kira maƙwabta ba sai da ta samu, kiran kuma na murna ne. Mu ma mu fara da fitila.

Littafi Mai Tsarki bai ƙyamaci azurfa ba. Bawan Ibrahim ya ba Rifkatu kayan ado na azurfa da zinariya, kamar yadda Farawa sura 24 ta nuna. Amma manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 3, ya tuna wa mata cewa adon da Allah ya fi daraja shi ne na hali. Kula da abin da aka bar mana aikin wakili mai aminci ne, ba girman kai ba, muddin zuciya ba ta koma cikin akwatin ba. Saboda haka muna roƙon iyaye mata, ranar da za ku buɗe kayan nan, ku kira 'ya'yanku su zauna kusa. Ku gaya musu wace ce ta fara sa munduwar, da abin da ta sayar ta ƙera ta. Ku nuna musu inda za su goge da inda za su bari. In kuma akwai wadda aka taɓa zargi a kan baƙin azurfa, ba a makara ba, a je a nemi gafararta tun kafin Lahadi mai zuwa.